Kundin aikin haɗa shagon gem na Birnin Kebbi da na Argungu

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Abin da ake so shi ne yaro ya zauna a shagona na Badariya a nan Birnin Kebbi, wani ya zauna a shagon taubashina a Argungu, su buga ƙwallo da juna, kowa da fad ɗinsa na sarrafa wasa da allonsa, ba tare da an hau mota ba. Tun bara yaran shagunan biyu ke cika wa juna baki a WhatsApp, kuma duk ranar da aka sa za a haɗu sai kuɗin mota ya rushe maganar. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kwasar yara a kai su a dawo da su don wasa kawai ba ƙaramin abu ba ne.

Kayan da ke hannu: kowane shago yana da PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4 ta kamfanin Sony, wasu siraran nan da suka fito a 2016, wasu kuma manyan farko na 2013. Akwai rauta mai sim, wato na'urar raba intanet, a kowane ɓangare, da wata tsohuwar laftof a wajena.

Tun kafin a taɓa intanet aka ci karo da matsalar farko. Yawancin na'urorin shagunan gem fasassu ne: an tsayar da su a tsohuwar manhaja, an loda musu wasanni a ciki, ba a sayen faifai. Irin wannan na'ura ba ta shiga PlayStation Network, dandalin intanet na PlayStation, domin Sony ba ya bari sai tana ɗauke da sabuwar manhaja, kuma da zarar ka sabunta, wasannin da aka loda sun daina buɗuwa. Don haka kowane shago zai ware na'ura ɗaya wadda ba a taɓa fasawa ba, aikinta wasan nesa kawai. Na ware siririya ɗaya na manna mata jan tef. Taubashina ya ce shi ma ya ware, amma na san halinsa, sai na gani da idona.

Talata, 11 ga Fabrairu

Gwajin farko. A saitin PS4 akwai wurin gwada intanet, yana nuna gudun saukewa da na ɗorawa, da wani layi da ake kira NAT mai lamba 1, 2 ko 3. Nan ya nuna 3. Argungu ma 3. Gudun saukewa kuwa ba laifi, ya haura megabit 20, har yaron shago ya fara murna. Na ce masa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Lamba 1 tana nufin na'urar tana fuskantar intanet kai tsaye. Lamba 2 tana bayan rauta, amma saƙo daga waje yana iya samunta. Lamba 3 kuwa a kulle take, kuma masu 3 guda biyu da wuya su ga juna kai tsaye. Abin da kowa ke cewa a yi shi ne a kunna UPnP a rauta, wato saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofar shigowar saƙo, ko a buɗe ƙofofin da Sony ya lissafa, su 3478 zuwa 3480, ko a jefa na'urar cikin DMZ, saitin da ke tura mata duk saƙon da ya zo daga waje. Duk an yi, ba abin da ya motsa. Da na buɗe shafin rautar na duba adireshin da kamfanin layi ya ba ta, sai na ga ya fara da 100, kuma ya sha bamban da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. Wannan alamar CGNAT ce, wato tsarin raba wa masu layi da yawa adireshi ɗaya. Adireshin intanet na tsarin IPv4 gaba ɗayansu wajen biliyan 4.3 ne, babbar ma'ajiyarsu ta ƙare tun Fabrairun 2011, don haka kamfanonin waya ke tara dubban masu layi a bayan adireshi ɗaya. Zangon da aka ware wa wannan aiki shi ne daga 100.64 zuwa 100.127.

Ga yadda na bayyana wa yaran: babban gida ne mai ɗakuna dubu da zaure ɗaya. Idan ka aiki yaro waje, mai gadi ya ga fitarsa, zai bar shi ya dawo da amsa. Amma baƙo ya zo ya ce yana neman mai PS4, mai gadi bai san ɗakin ba, sai ya sallame shi. Ƙofar ɗakinka kake buɗewa a rautarka, zauren kuwa ba a hannunka yake ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Maganar asusu da kuɗi. Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa kowa ke buɗewa da Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu. Abin kiyayewa ɗaya ne: katin kuɗin da za ka saya dole ya zama na ƙasar da ka buɗe asusun da ita, kuma ba a sauya ƙasar bayan an buɗe. Mun daidaita shagunan biyu a kan Amurka.

Wasa da wani ta intanet a PS4 yana bukatar PlayStation Plus, ƙaramin matakinsa a farkon 2025 dala 9.99 a wata ko 79.99 a shekara, ga dala a lokacin tana yawo a wajen naira 1,500. Sauƙin da ke ciki shi ne asusu ɗaya mai Plus ya wadatar da sauran asusun da ke kan na'urar, matuƙar an sa ta a matsayin babbar na'urar asusun. Wasannin kyauta kuma ba sa neman Plus. A nan eFootball na Konami ya shigo, wanda ya gaji PES tun 2021: saukewa kyauta, ka buɗe ɗakin wasan abokai, ka tura wa abokin karawa lamba. FC 25 na EA, magajin FIFA, shi sai an saya, sannan a biya Plus. Rabin yarana 'yan FC ne kuma sun ɓata rai, amma da eFootball za a fara.

Data ma ta tashi. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kuma an fara jin sa a aljihu. Wasan kansa ba ya cin data sosai, motsin fad da matsayin 'yan wasa kawai ake turawa. Mai cinyewa shi ne afdet, wato sabunta wasa, wanda yakan zo da gigabait da dama. Na kashe saukewa ta kai tsaye a na'urar.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

An samu wasa ya haɗu, wani lokaci ya shiga, wani lokaci ya tsaya yana ta juyawa har ya fita. Da ya shiga kuwa, ka danna fas, sai ɗan wasan ya ƙara taku biyu kafin ya saki ƙwallo. Wani yaro ya ajiye fad ya ce, “Yaya, wanga ba wasa ba ne, kamun kihi na.” Ina jin zolayar mutanen Argungu yake yi, amma gaskiya ya faɗa.

Na zauna da laftof ina auna jinkirin saƙo, wato lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo, da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wasa mai hoto 60 a sakan ɗaya yana sauya hoto kowane milisakan 16.7. Jinkirin milisakan 100 ke nan hoto shida ne, ana iya sabawa da shi. Milisakan 250 kuwa hoto goma sha biyar ne, kwata na sakan, kuma mai tsaron gida ba ya jiran kowa.

Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne hanyar da saƙon ke bi. Suna zaton daga Badariya zai miƙe ta hanyar Argungu. A'a. Yana tashi daga rauta zuwa sandar sabis, ya bi wayar gilashi zuwa babbar cibiyar kamfanin layin, can ne ake ba shi adireshin fita. Idan layinmu da na Argungu ba kamfani ɗaya ba ne, sai an miƙa shi daga wannan zuwa wancan, kuma mafi yawan wannan musaya a Legas ake yinta, inda IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na Nijeriya ke musayar saƙo, take da babbar cibiyarta. Idan kuma wasan ya zaɓi ya bi ta sabar kamfaninsa, wato babbar kwamfutarsa, a Turai, sai saƙon ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku, su MainOne da WACS da Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022, ya je ya dawo. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyi huɗu suka katse a gaɓar Kwaddibuwa intanet ya yi ta rarrafe a ƙasar nan, ya san yadda muka rataya a kansu.

Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kilomita 200,000 a sakan, wato kowane kilomita 100 yana cin milisakan ɗaya zuwa da dawowa. Daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 600 ko a miƙe, a ce milisakan 10 da karkace-karkacen hanya. Ni kuwa ina ganin 55 zuwa 70 da rana. Ashe nisan ba shi ne babban mai laifi ba. Ragowar tana tafiya ne tsakanin rauta da sandar sabis, da layin jira a kowace na'ura da saƙon ya ratsa. Wannan ɓangaren ne muke da ɗan iko a kansa, kuma nan aikin zai karkata. Ba wanda zai ƙara sayen babbar data da sunan gyara wasa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An cire wayfay daga lissafi. Babbar PS4 ta farko zangon wayfay na 2.4 kawai take kamawa, kuma a layin shagunanmu kowane mai cajin waya da mai POS yana da nasa a wannan zango. Jinkiri yakan yi tsalle da milisakan 30 ba gaira ba dalili.

Na sayo kebul ɗin intanet Cat6 da kawunansa na RJ45, na ari filayar matsewa a wajen mai gyaran kwamfuta. Aikin yana son natsuwa. Ka feɗe bawon waje kamar tsawon gaɓar yatsa, ka warware tagwayen wayoyi huɗu, ka miƙar da su da babban yatsa har su kwanta, sannan ka jera: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka datse bakinsu daidai wa daida, ka tura cikin kan har ka hango jan ƙarfen kowace a ƙarshen roba, ka matse sai ka ji ƙas. Idan ɗaya ta maƙale a baya, fitilar rauta tana iya kamawa amma gudun ya faɗo.

Rautar kuma na fitar da ita daga bayan talabijin, na kai ta kusa da rufi ta gefen da ke kallon sandar sabis, kebul ya sauko ta jikin katanga. Mai gidan da nake haya ya fito ya tsaya yana kallo.

“Kai yaro, wagga waya da kaka ja bisa katangata, ta mi ta?”

“Ta intanet ta, Baba. Yaran nan za su yi wasa da na Argungu.”

Ya yi shiru kaɗan. “In dai babu caca ciki, ba komi. Amma in anka kira salla a kashe.”

Na ce an gama. Dama dokar shagon ke nan, yanzu ta zama ta shaguna biyu.

Da kebul da sabon wurin rauta, jinkiri zuwa Legas ya sauko wajen 45 zuwa 50, kuma tsallen ya ragu sosai.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar, makarantu na hutu, tsarin shago ya juye. Da rana ba kowa, bayan tarawi kuma ba masaka tsinke. To daidai wannan lokacin ne sabis ke cushewa, don duk unguwa tana kan waya, kuma sandar sabis raba ƙarfinta take yi tsakanin duk wanda ya hau. Daga ƙarfe 9 zuwa 11 na dare jinkiri yana lilo tsakanin 60 da 200. Bayan sahur kuwa yana kwanciya a 45 kamar ba shi ba.

Na lura da wani abu da ya fi matsakaicin lamba muhimmanci. Wasa a jinkirin 110 da ya tsaya cak ya fi daɗi a kan wanda ke yawo tsakanin 60 da 160. Hannu yana koyon jinkiri idan bai sauya ba, yaro zai riƙa danna fas da wuri ba tare da ya sani ba. Wanda ke yawo kuwa ba ya koyuwa.

Wani ɓangare na lilon daga cikin shago yake. Yaran sun san lambar sirrin wayfay, kuma da zarar ɗaya ya fara ɗora bidiyo a status, sai ƙwallo ta daskare. Dalili shi ne rauta tana tara saƙonni a dogon layi idan hanyar ɗorawa ta cika, ɗan ƙaramin saƙon wasa ya tsaya a bayan bidiyon wani. Maganin ilimi shi ne rauta mai manhajar OpenWrt da tsarin SQM na daidaita layin jira, a ƙayyade gudu ƙasa kaɗan da abin da layin ke bayarwa don kada layin jira ya taru. Amma gudun 4G ba ya tsayawa wuri ɗaya balle ka ƙayyade. Maganin kasuwa ya fi aiki: sim ɗin gasa daban, rautarsa daban, wayfay ɗinta a kashe. Masu status an bar musu tsohuwar.

Asabar, 15 ga Maris

Yau aka shawo kan NAT. Tunda zauren kamfanin layi ba zai buɗu ba, sai mu yi namu a wani wuri. Mun kama hayar ƙaramar saba a wata cibiyar ajiyar kwamfutoci a Legas, mai adireshin waje guda biyu, ɗaya na Birnin Kebbi ɗaya na Argungu. Daga kowane shago aka ja bututun WireGuard, wato VPN, keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, zuwa can. Da yake rautar shago ce ke fara kiran sabar, CGNAT ba ya hanawa, kuma duk saƙon da ya zo wa adireshin nan na waje sai sabar ta turo shi ta bututun har kan PS4. Wannan ya sa dole aka ƙara ƙaramar rauta mai OpenWrt tsakanin rautar sim da na'urar, don PS4 ba ta san VPN ba.

Legas aka zaɓa da gangan. Saba a Landan ko Frankfurt ta fi arha kuma ta fi sauƙin samu, amma za ta ɗora wa kowane shago wajen milisakan 100. Legas kuwa dama can saƙon ke zuwa, kusan ba a ƙara komai ba.

Abubuwa uku suka ci lokaci. Na farko, CGNAT yana manta hanya idan aka yi shiru, sai an sa bututun ya riƙa tura ɗan saƙon “ina nan” kowane sakan 25. Na biyu girman ƙunshin saƙo, MTU. Na yau da kullum 1500 ne, WireGuard yana cin nasa kason ya bar 1420, kuma a kan layin waya ko wannan ya yi yawa. Alamarsa mai ruɗarwa ce: gwajin intanet ya wuce lafiya, amma shagon PlayStation ya ƙi buɗewa, shiga asusu ya rataye. Da aka sauke shi zuwa 1280 a bututun da kuma saitin na'urar, komai ya buɗe. Na uku, da yake adireshin biyu a saba ɗaya suke, sai da aka ƙara doka don saƙon wannan shago ya juya a cikinta ya faɗa bututun wancan. Wani ɗalibin kwamfuta daga jami'ar Aliero, mai zuwa wasa a nan, shi ya rubuta dokokin, ladansa wasan wata guda kyauta.

Da aka sake gwaji, NAT 2 a nan. Na kira Argungu.

“Taubashi, mi ta nuna?”

“Biyu. Ka gaya ma yaranka su shirya kuka.”

Tsakanin na'urorin biyu yanzu milisakan 95 zuwa 110 ne zuwa da dawowa, kuma ɗakin wasa yana haɗuwa nan take.

Lahadi, 23 ga Maris

Wuta. Idan aka ɗauke, kafin janareta ya tashi rautoci biyu sun mutu, bututu ya yanke, wasa ya tafi. An sa rautocin a kan ƙaramin batir mai fitar da bolt 12, irin wanda ake sayarwa don rauta. Na'urar gasa da allonta kuma sun koma kan inbata, siririyar PS4 ba ta kai wat 100 ba a cikin wasa. Sauran na'urorin suna nan a kan janareta. Argungu suna da sola, wannan bai dame su ba, kuma an sanar da ni hakan fiye da yadda ya kamata.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi Salla ranar Lahadi, jiya Litinin aka yi gasar farko. Mutum takwas daga kowane gari, wasa na minti goma, wanda aka ci ya fita. An fara da ƙarfe 10 na safe da gangan, kafin gari ya hau waya. Shago ya cika har waje, yara cikin sababbin shaddoji suna leƙe ta taga. Na jingina wata waya a kan kwalin lemo da kiran bidiyo a buɗe, a kan tsohuwar rauta, don kowane ɓangare ya ji ihun ɗayan. Wannan ƙaramin abu ya ƙara wa gasar armashi fiye da duk wahalar NAT. Cin ƙwallo ba tare da ka ga fuskar wanda ka ci ba rabin daɗi ne.

Har azahar komai lafiya. An tashi salla, an dawo, sai sabis ya fara nauyi. A wasan kusa da na ƙarshe, yaronmu yana gaba da ci 2 da 1, saura kaɗan a tashi, allo ya daskare, wasa ya yanke. Nan take Argungu suka ce mu muka zare kebul, namu suka ce su ne. Sabar Legas ce ta raba gardama, don tana nuna lokacin da kowane bututu ya yi magana ta ƙarshe. Na Argungu ne ya yi shiru, kuma ba wanda ya taɓa komai, sabis ne ya faɗi a can na ɗan lokaci.

Daga nan aka rubuta doka a kwali, aka liƙa a shagunan biyu. Wasan da ya yanke kafin hutun rabin lokaci, a sake shi daga farko. Wanda ya yanke bayan hutu, a buga rabi ɗaya a ɗora a kan cin da ake da shi. Kowane shago ya ɗauki hoton allo a hutun rabi. Kafin a fara kowane wasa a auna jinkiri, idan ya haura 150 a jira. Ba a sa kuɗi a kan wasa, kyautar gasa daga aljihun masu shago take.

Argungu suka ɗauki kofin. Kofin roba ne, kuma sai an aika musu da shi a mota.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40, fankar na'urar gasa tana kuka har ana ji daga titi, kuma ta kashe kanta a tsakiyar wasa. An buɗe ta, an busa ƙurar hunturu da ta toshe ragar sanyaya, an sauya man da ke kan kwakwalwarta, an ɗora ta a kan katako biyu don iska ta ratsa ƙasa. Babu wasan nesa daga azahar zuwa la'asar har sai damina.

Lahadi, 4 ga Mayu

Gwaje-gwajen gefe, tunda hanya ta samu.

Share Play: tsari ne da Sony ya kawo a 2014, inda na'ura ɗaya ke gudanar da wasan tana tura hotonsa ga ɗayar, na nesa ya zama kamar ya riƙe fad na biyu. Amfaninsa faifai ɗaya ya isa. Amma bidiyo ake turawa, data tana zuba, kowane zama minti 60 ne, kuma jinkirin duka a kan baƙo yake, mai gida ba ya jin komai. Ba a yin gasa da wannan. An ajiye.

Mortal Kombat 11 ya ba ni mamaki. Na ɗauka wasan faɗa zai fi ƙwallo shan wahala, sai ga shi ya fi santsi. Dabarar da yake amfani da ita ita ce ba ya jiran saƙon abokin karawa, yana hasashen abin da zai danna ya ci gaba, idan saƙon ya iso ya saɓa sai ya koma baya da 'yan hotuna ya gyara cikin ƙiftawar ido. A jinkirin 100 da kyar ake lura. Shi yana son Plus, don haka an biya wata ɗaya a kowane ɓangare.

Sai tsofaffin PS2 da ke jibge a ƙarƙashin benci. An rufe hanyar shigarsu intanet ta hukuma tun 2016, amma akwai XLink Kai, manhajar da ake sa wa a kwamfuta ta yaudari na'urori biyu su ɗauka a ɗaki ɗaya suke da kebul a tsakaninsu. Siririyar PS2 ta 2004 tana da ramin kebul a jikinta. Sharaɗin shi ne wasan ya kasance yana da zaɓin LAN, wato wasa ta kebul tsakanin na'urori. Faifan ƙwallon da muke da su babu, amma Gran Turismo 4 yana da shi, kuma an yi tseren mota tsakanin garuruwan biyu, motoci suna ɗan tsalle a kwana. Xbox 360 ɗin taubashina kuwa ba ta shiga wannan, don Microsoft ya sa mata iyakar milisakan 30 a irin wannan haɗi. Manya ne suka fi jin daɗin PS2 ɗin, yaran yanzu kallo ɗaya suka yi mata suka koma.

Lahadi, 25 ga Mayu

Wani mai shagon gem a Tudun Wada, Gusau, ya ji labari ta wajen ɗalibin nan, yana so ya shigo. Ta fuskar aiki abu ne mai sauƙi: ƙarin adireshi ɗaya a saba, ƙarin bututu ɗaya. Nisan Gusau bai sauya lissafi ba, tunda kowa Legas yake zuwa, jinkirinsa da mu kusan ɗaya ne da na Argungu. Shi damuwarsa daban ce. Ya ce bai manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma ba ya son ya kafa sana'a a kan sim kaɗai. Starlink yake tunani, wato intanet ta tauraron ɗan Adam.

Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa suna wajen kilomita 550 a sama, ba irin na dish ɗin talabijin masu nisan kusan kilomita 36,000 ba, shi ya sa jinkirinsa ya dace da wasa. Amma na gaya masa abu uku. Tsarin gida na Starlink shi ma CGNAT ne, bututun Legas yana nan daram. Farantin yana jan wuta dare da rana, sai batir ya ƙaru. Ruwan sama mai ƙarfi kuma yana iya yanke shi na ɗan lokaci, ga damina ta kawo kai. A ganina, shagon da ke da sandar sabis a kusa kuma yake iya sa gasarsa da safe bai bukaci wannan kashe kuɗi ba. Shi da ke da wancan dalili, ya saya.

Talata, 10 ga Yuni

Gasar Babbar Salla ta gudana ranar Lahadi da garuruwa uku. Gusau sun shigo da sim, farantinsu bai iso ba. Wasa ɗaya ya yanke lokacin da hadari ya taso da yamma, an bi dokar kwali, ba wanda ya ɗaga murya.

Lissafin kuɗi: wasan nesa ana biyan ninki biyu na wasan gida, kuma abin da ya shigo a watan Mayu ya biya hayar saba da datar sim ɗin gasa, da ɗan canji. Plus ne bai fitar da kansa ba, sai dai idan 'yan FC sun yarda su haɗa kuɗin shekara, kuma an ba su zuwa ƙarshen wata su kawo amsa.

Aikin da ke gaba: eriyar waje a kan dogon ƙarfe a Argungu, don nasu sabis ɗin ne ya fi faɗuwa da yamma, da sim na biyu daga wani kamfani a kowace rauta don bututu ya koma kansa idan na farko ya yanke. Ɗalibin ya ce zai zo da saitin ranar Asabar idan ya gama jarrabawa.